Gwamnati Ba Ta da Alwala: Rayuwar Malam Labaran Maikano, 1951–2025

A'a, Dakta Mu'azu, dakata haka nan. Kada ka sake ce mini Allah ya yafe masa abin da ya faɗa. Allah ya yafe mana baki ɗaya, amma wannan ba ya cikin zunuban Malam. Ka zo gidan mutum kwana arba'in da rasuwarsa, ka sha kununmu, ka ce ku tsofaffin ɗalibai littafi kuke haɗawa na cikar makarantarku shekara hamsin, kowane malami da hotonsa da shafinsa, shi kuwa layi ɗaya ya ishe shi, wai malamin da ya nemi a cire Alƙur'ani daga makaranta. To ni Safara'u ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Boko ban san ko ƙofarsa ba, allon ma ban yi nisa ba, amma ba a taɓa cewa na manta abu ba. Ajiye wayar nan a kan tabarma ta ɗauka. Tarihi ka zo nema, za a ba ka shi yadda ake bayarwa, daga haihuwa har kabari, ba daga tsakiya ba.

Haihuwarsa da asalinsa

An haifi Malam Labaran a shekarar 1951, a wani ƙauye na ƙasar Utai cikin gundumar Wudil, da kaka, ana tsakiyar yankan dawa. Takardar aikinsa ta ce ran ɗaya ga watan ɗaya, amma duk mutumin ƙauyen nan da ya yi aikin gwamnati ran ɗaya ga watan ɗaya aka haife shi, ungozoma ta sha wahala ran nan. Mahaifinsa shi ne Malam Maikano, manomi mai makarantar allo a zauren gidansa, mahaifiyarsa kuma Rabi, 'yar Achika, mai saƙar faifai. Shi ne na uku cikin 'ya'ya bakwai, kuma shi ne namiji na farko da ya rayu har ya yi wayo.

Karatunsa

Ya fara karatu a gaban mahaifinsa yana ɗan shekara biyar. A gidan Malam Maikano akwai doka guda da ko baƙo ya sani: ba a zubar da wankin allo inda ƙafa take takawa. Ko a sha, ko a ɗauka a ƙoƙo a kai gindin wata tsamiya da aka kewaye da ƙaya don kada akuya ta shiga. Labaran ne mai kai ƙoƙon tun yana riƙe shi da hannu biyu, kuma ranar da ya yi tuntuɓe ruwan ya zube a tsakar gida, sai da mahaifinsa ya sa shi ya kwashe ƙasar wurin da fartanya ya kai ta gindin tsamiyar. Duk wanda yake so ya gane abin da ya faru daga baya, to ya riƙe wannan ƙoƙon a ransa.

Ya yi saukar Alƙur'ani a 1965, ya tafi birnin Kano ya zauna shekara shida a zauren wani malami yana karatun littattafan fiƙihu da nahawu. A can ne ya shiga ajin yaƙi da jahilci ya iya rubutun boko, ba da sanin mahaifinsa ba, daga nan ya sami shiga makarantar horon malaman Arabiyya, ya fito da takardar shaida a 1974, shekara guda bayan fam ta koma naira kuma fari ya cinye shanun mutane.

Aurensa da iyalinsa

A 1975 ya auri Sakina, 'yar Ɗankaza, ita kaɗai ya aura har ƙarshen rayuwarsa. Ta haihu sau takwas, biyar suka rayu. Mutum ne mara yawan magana a gida, mai cin tuwo da sanyinsa don ba ya son a tashi a ɗumama saboda shi. A 1996 mijin ƙanwarsa Safara'u, wato ni, ya rasu, Malam ya je da kansa ya kwaso ta da 'ya'yanta uku ya ba su ɗaki, ya saya mata kasko da matsami, ya nema mata wuri a bakin ƙofar makaranta tana suyar ƙosai.

Aikinsa na koyarwa

A 1976 gwamnati ta buɗe firamare a ko'ina, aka gina aji biyu a gangaren garin. Aka buɗe, ba yara. Iyaye suka riƙa ɓoye 'ya'yansu a rumbu, dagaci ya yi shela har muryarsa ta dushe, aka samu yara shida, biyu ma na dagacin ne. Sai wani mai wayo a ofis ya ce a ɗauki ɗan Malam Maikano a ba shi darasin addini. Da shi aka ɗana tarkon, shi ma ya sani. Ya bi gida gida yana tsugunawa a zaure yana cewa, "Baba, ku ba ni su amana. In sun shiga wurin Turanci za su fito ta wurina, ni zan koya musu sallah da surori." Da bakinsa aka samu yara arba'in da uku a shekarar farko, har da mata tara.

Shekara ashirin da huɗu ya yi a makarantar nan ba a taɓa jin kansa da kowa ba. A 1988 aka naɗa shi na'ibin limamin masallacin Juma'a na garin. Abu ɗaya ne yake damunsa tun farko. Akwai yara uku ko huɗu kowace shekara, 'ya'yan mai kemis da na wata ma'aikaciyar asibiti, Kiristoci, waɗanda in lokacin darasinsa ya yi sai a ce su fita, su je su tsaya a rana har a gama, don su ba a kawo musu nasu malamin ba. Yakan ce makarantar nan da harajin ubansu aka yi mata kwano kamar na kowa. Sai ya riƙa zaunar da su a baranda ya ba su lissafi. Wannan ma an ajiye masa shi, an fito da shi ranar da ake bukata.

Shekarar takarda

A farkon zangon karatu na shekarar 2000 wani sufeto ya zo duba makaranta. Ya tarar da 'yan aji biyar, yara ɗari da goma, Malam yana biya musu sura da baki suna maimaitawa. Ya ce ina rubutun? Duk darasin da ba ya cikin littafin yaro, a wurin ofis ba a yi shi ba. Malam ya ce rabin yaran nan hannunsu bai iya baƙaƙen Larabci a takarda mai layi ba. Sufeto ya ce to a rubuta musu da baƙaƙen boko, haka ake yi a wasu wurare, ya sa hannu a littafin baƙi ya hau babur ɗinsa.

Malam da hannunsa ya rubuta. Wannan bai taɓa ɗora wa kowa ba. Ya ɗauki alli ya rubuta Fatiha da ƙananan surori a allon bango da baƙaƙen Turawa, yara suka kwafa, ya karɓi littattafan ya bi su da jan biro. Ya dawo gida wata rana ya zauna bai taɓa abinci ba, ya ce wa Sakina, "Yau na ba Fatiha uku cikin goma." Wani abin da ya fi ci masa rai shi ne goge allon: yaro ya sa tsumma, garin allin ya zubo ƙasa, malamin Turanci ya shigo da takalmi ya tsaya a kai.

Ran wata Talata a watan Nuwamba, an tashi tara, ya fito bakin ƙofa, ƙanwarsa ta naɗe masa ƙosai huɗu a takarda kamar kullum. Ya warware zai ci, sai hannunsa ya tsaya.

"Safara'u, ina kike samun takardun nan?"

"Yara ke kawo mini, Yaya. Takarda biyar, ƙosai ɗaya. Ai boko ne."

"Ba boko ba ne. Fatiha ce."

Ita fa ta san rubutun Alƙur'ani ko daga nesa. In ta gan shi a ƙasa takan ɗauka ta kaɗe ta soke a jikin danga, haka aka tashe ta. Amma wannan ya zo mata cikin rigar boko, ba ta da yadda za ta gane shi. Wata biyu tana naɗe ƙosai da yaji a cikin surori. Malam ya bar ƙosan, ya bi filin makaranta yana sunkuyawa, ya bi kwata, ya bi bayan ajujuwa inda yara ke tsugunawa. Ya tsinto sittin da wani abu, duk mai ya jiƙa su, wasu da sawun kofaton akuya. Ya ƙone su, ya kai tokar gindin tsamiyar mahaifinsa. Guda ɗaya ya ninke ya sa a aljihu, wadda aka naɗe masa ƙosan a ciki, don a samanta akwai sunan yaron da ya yago ta daga littafinsa.

Taron iyaye da malamai

Ran Asabar, sha ɗaya ga watan, saura kwana kaɗan a ɗauki azumi, aka yi taron iyaye da malamai a filin makaranta. Shekarar ce da kowa yake ɗokin Shari'a, har wanda bai san farillan alwala ba yana neman wanda zai yi wa hukunci. Malam ya miƙe ya yi sallama ya ce:

"Jama'a, ni na bi gidajenku na karɓo 'ya'yanku da alƙawarin za su sami addini a nan. Na zo in janye alƙawarin. A bar wa gwamnati lissafi da Turanci, ta koya wa ɗan kowa, ba mai fita rana. Karatun Alƙur'ani a mayar da shi zaure da Islamiyya, inda ake shiga da tsarki, ni zan koyar kyauta da yamma. Gwamnati ba ta da alwala. Duk abin da ta riƙe, sai ta ba shi maki ta jefar."

Hedimasta na lokacin, Malam Ɗayyabu, shi ya amsa, kuma maganarsa ba ta banza ba ce. Ya ce, "Malam, ka fi ni sanin yara nawa ne a nan ba sa zuwa allo. Akwai wanda in ba rabin awar nan taka ba, ba inda zai ji yadda ake tahiya. Kuma ranar da aka ce babu addini a makarantar nan, washegari ba za ka ga ɗiya mace ko ɗaya ba. Abin da ka gina da ƙafarka za ka rushe da bakinka?"

Da a nan aka tsaya, da an yi muhawara irin ta mutane. Sai mahaifinka, Dakta, wato Alhaji Bilya, Allah ya ji ƙansa, ya miƙe yana gyara babbar riga. Ya ce, "Malam Labaran, kewaye-kewaye kake. Me ka gani? In wulaƙanta aya aka yi, nuna mana wanda ya yi, wallahi yau ba zai koma gida da ƙafarsa ba!" Fili ya ɗauki kabbara. Samari suka fara matsowa.

Hannun Malam ya shiga aljihu. Ƙanwarsa tana bakin kasko tana kallo. Hannun ya daɗe a ciki, sannan ya fito ba komai.

"Ba ni da abin da zan nuna," in ji shi. "Ra'ayina ne."

Abin da ya biyo baya

Kafin Juma'a maganar ta isa kasuwar Wudil, kuma a hanya ta zubar da rabinta. Ba wanda ya kai zancen zaure da Islamiyya, ba wanda ya kai zancen koyarwa kyauta. Abin da ya isa kara wurin 'yan shanu shi ne wani malami a ƙasar Utai ya ce a cire Alƙur'ani. Aka ce 'yan mishan ne suka saye shi, shi ya sa yake lallaɓa 'ya'yan mai kemis a baranda. Mutumin da aka saya, kekensa ko birki babu, da ƙafa yake tsayar da shi.

Cikin azumin nan liman ya yi rashin lafiya, Malam ya shiga gaba zai ja sallah, ya yi kabbara, da ya sallame sai ya ga mutum bakwai a bayansa, sauran sun fita sun yi tasu a waje. Bai sake shiga gaba ba, kuma ba wanda ya zo ya ce an sauke shi, kawai an naɗa wani. An jefi gidan da duwatsu sau biyu, an cinna wa rumbun dawarsa wuta ana sallar la'asar. Dangin wanda zai auri 'yarsa Juwairiyya suka aiko a mayar musu da kayansu. Ƙosai kuwa aka daina saye, ƙosan gidan kafiri, alhali wata biyu suna cinsa da aya suna lashe yatsa.

Ƙanwarsa ta same shi a zaure ta ce, "Yaya, bari in fita in faɗa. Ni na naɗe."

Ya ce, "Ki faɗa a ce wa ya kawo miki? Ke bazawara, wataƙila a ce jahilci. Yaron shekararsa sha ɗaya, kuma kin ji abin da aka rantse. Ni na rubuta a allo, Safara'u. Shi yagowa ya yi, ke naɗewa kika yi. Koma ciki."

A watan Janairu na 2001 aka yi masa canjin wurin aiki zuwa wata makaranta can bayan Achika, tafiyar awa guda da rabi a keke, aka karɓe darasin addini aka ba shi na tsaftar jiki. Shekara goma yana koya wa yara yanke farce. A makarantar gangare kuwa, hedimasta ya hana rubuta sura a littafi, a hankali, ba tare da ya faɗi dalili ba. Wato an ɗauki rabin shawarar an yar da mai ita.

Shekarunsa na ƙarshe

Ya yi ritaya a 2011 bayan shekara talatin da biyar yana aiki, kuma a shekarar ne Sakina ta rasu, hawan jini, wanda ya kama ta tun ranar rumbu. Ya koma zauren mahaifinsa ya buɗe allo. Yaran da aka kawo masa ba su taɓa wuce sha ɗaya ba, mafi yawa jikokinsa ne, kuma ƙoƙon nan ya ci gaba da zuwa gindin tsamiya.

Wajen 2017 da rigimar darasin addini a makarantun gwamnati ta sake tashi a rediyo, wasu ɗalibai biyu daga jami'ar nan ta Wudil suka zo da 'yar na'urarsu, suna so ya ce shi tun tuni ya ga ya kamata a raba addini da mulki, za su sa shi a gaba. Ya ba su ruwa ya ce, "Ku kuna tsoron kada addini ya ɓata muku gwamnati, ni ina tsoron kada gwamnati ta ɓata mini addini. Hanyarmu ta haɗu a mararraba ne kawai. Ku gaida gida." Su ma suka tafi suna cewa tsoho ne mai ra'ayin riƙau. Ya zama ba na waɗannan, ba na waɗancan.

A 2019 Malam Ɗayyabu ya zo, sanda a hannu, ya nemi gafara, ya ce ya daɗe yana zargin akwai abin da Malam ya gani. Malam ya yafe masa, bai faɗa masa ba. Zagin a fili aka yi shi gaban mutum ɗari uku, neman gafarar a zaure, shaidu biyu, ni da akuya. Daga 2021 idonsa ya tafi saboda ciwon suga, ya ci gaba da biya wa yara da ka.

Rasuwarsa

Allah ya yi wa Malam Labaran Maikano rasuwa ran Talata, sha huɗu ga watan Oktoba na 2025, da hantsi, a ɗakinsa, bayan jinyar kwana tara, yana da shekara saba'in da huɗu. An yi masa sallah a ƙofar gida bayan azahar, aka kai shi maƙabartar gabas kusa da mahaifinsa. Mutumin da ya koya wa rabin garin nan tahiya, sahu biyu da rabi ya samu. Na leƙa ta kan katanga na ƙirga. Liman ya aiko cewa yana da baƙi.

Ya rasu ya bar 'ya'ya biyar: Nura, yana gyaran injin ban ruwa a Wudil, Juwairiyya, tana aure a Ɗankaza, Mubarak, malamin lissafi, Sharifa, tana aure a Kano, da autarsa Maryam, ungozoma a asibiti. Ya bar jikoki goma sha tara, da ƙanwa ɗaya, da keke, da gafaka.

To, Dakta, ka ce mutane ba sa ƙirƙirar magana haka kawai, da yana da hujja da ya nuna. Miƙo mini gafakar can da ke rataye. Kwana biyu kafin ya rasu ya ce in ƙone abin da ke aljihunta in kai tokar gindin tsamiya. Na ce to. Ban dai faɗa masa yaushe ba.

Ga ta nan. Shekara ashirin da biyar, man ya bushe, rubutun bai goge ba, har jan biron yana nan, uku cikin goma. Kai ka fi kowa kawo mini takarda, don kai ka fi kowa son ƙosai, kullum da majina a hanci kana cewa Inna ƙara mini yaji. A'a, janye hannunka. Ga buta can, tashi ka yi alwala tukuna, Fatiha ce. In ka dawo ka karanta wa wayar taka sunan da ke sama, da ƙarfi, ni ban iya karatu ba. Sannan ka faɗa mini layi nawa Malam zai samu.